Abin da Ke Shanye Batirin Motar Abba

Mijina direba ne. Yaran makaranta yake ɗauka da safe, ya mayar da su gida in an tashi. Motarsa ƙaramar bas ce. Da fara ce, amma rana da ruwan sama sun mayar da ita ruwan toka. Tsohuwa yake ce mata.

Yara biyu Allah ya ba mu. Babbar mace ce, tana aji biyar a firamare. Ita ke buɗe wa yara ƙofar mota, ita ke rufewa. Ita ke tsawata wa duk wanda ya fito da hannu ta taga. Shi ya sa ubanta ya sa mata suna Kwandasta, sunan kuma ya bi ta har cikin aji. Ƙaramin namiji ne, bai isa shiga makaranta ba. Auta muke kiransa.

Ciwon mijina bai yi tsawo ba. Ya kwanta, muka kai shi asibiti, bai dawo ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa sai gidan ya yi mana girma. Tsohuwa tana nan a tsakar gida inda ya ajiye ta, hancinta yana kallon bangon ɗakin girki. Ni kuwa na sami aikin guga a wani gidan wanki. Da yamma nake tafiya, ba na dawowa sai duhu ya shiga. Kwandasta ke riƙe ƙanenta kafin in dawo.

Wata rana yayan mijina ya zo. Yara suna kiransa Baffa. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya yi ajiyar zuciya.

"Maman yara, a sayar da ita," ya ce. "Mota ba ta son zama. In ta daɗe a haka, babu mai saye sai masu tsohon ƙarfe."

"Yaya, ni zan ja ta."

Ya dube ni. "Ke?"

"Ƙanenka ya koya mini. Har lasisi ya sa na yi. Ya ce ranar da ba shi da lafiya, kada 'ya'yan mutane su rasa makaranta."

Baffa ba mugun mutum ba ne. Tsoro yake ji mana.

"To, ki gwada," ya ce. "Amma in ta ba ki kunya, ki bar ni in kawo mai saye. Ba na so ki tsaya a tsakiyar titi da 'ya'yan mutane."

Na ce na yarda.

Lokacin ana hutu. Na je na sami shugabar makarantar su Kwandasta a ofishinta. Ta yi mini gaisuwa, ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama.

"Maigidanki bai taɓa kawo mini yaro a makare ba," ta ce. "Akwai wani mai sabuwar bas da yake neman aikin nan. Amma zan fara ba ki, don darajar marigayi. In an dawo hutu, ki gwada makon farko. Sharaɗina ɗaya ne. Yara su iso kafin a kaɗa ƙararrawa."

Na fito ina godiya. Magana ta zama a fili ke nan. In Tsohuwa ta riƙa tashi da safe, tana nan tare da mu, aikin mijina kuma ya zama nawa. In ta ƙi, ta tafi, aikin ma ya tafi.

Sai na fara kula da ita. Kullum da safe ina duba ruwa, ina duba mai. Ina murza makulli, in bar injin ya ɗan yi ɗumi kamar yadda na ga mijina yana yi. Kafin ruwan shayi ya tafasa na kashe ta, don kada mai ya ƙare a banza.

Da farko bugu ɗaya take tashi. Daga baya sai ta fara nauyi. In na murza makulli sai ta yi gurnani a hankali, kamar wanda aka tasa daga barci bai so ba. Wata safiya ma sai ƙas, ƙas, kawai na ji.

Na aika Kwandasta ta kira mini Mai Batir. Abokin mijina ne, gyaran wutar mota yake yi. Shagonsa yana ƙarshen layinmu, cike da batura a jere a ƙasa kamar bulo. Ya zo da tabaronsa mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare. Ya buɗe gaban motar, ya goge kan batirin, ya gwada wannan, ya gwada wancan. Ya cire batirin ya tafi da shi, washegari ya dawo da shi a cike.

"Batirin nan bai mutu ba," ya ce. "Yunwa yake ji. Wani abu ne yake cinye masa abinci. Kuna barin rediyo a kunne?"

"Rediyon ya lalace tun mai motar yana da rai," na ce.

"Fitilar ciki fa?"

"Ƙwanta ya ƙone."

Ya juya wajen 'yata. "Kwandasta, ke ce mai ƙofa. Babu wanda yake kunna wani abu a motar nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu, Kawu."

Na ga ta sunkuyar da kan. Amma tun da ubanta ya rasu haka take, ba ta cika kallon idon mutane ba. Ban kawo komai a raina ba.

Tsohuwa ta yi kwanaki tana tashi lafiya. Hankalina ya kwanta. Amma da hutu ya zo ƙarewa, sai nauyin nan ya dawo.

Ranar da aka koma makaranta, gari ya waye da ruwan sama. Na yi shiri tun da wuri. Kwandasta ta sa kayan makaranta, ta tsaya a bakin ƙofar motar kamar da. Auta yana kujerar gaba da ɗan bargonsa. Na yi addu'a, na murza makulli.

Gurnani ɗaya ta yi, ta yi shiru.

Na sake. Ƙas, ƙas.

Na fita cikin ruwa na buga ƙofar telan da ke kusa da mu. Ya fito da yaran shagonsa, suka naɗe ƙafar wando, suka fara turi.

"Maman Kwandasta," in ji telan yana haki, "wai motar ce ke ɗaukar mutane, ko mutane ne ke ɗaukar motar?"

Yaransa suka yi dariya. Ni ban iya ba. Sai da muka kusa shagon Mai Batir sannan ta kama.

Na kunna fitilun gaba saboda duhun hadari, na kunna abin share gilashi. Na bi gida gida ina ɗaukar yara. Tafiyar ba nisa, sai tsaye-tsaye. Wasu iyayen suna bakin ƙofa da lema, suna duba agogo. Muna shan kwanar makaranta na ji ƙararrawa ta riga mu.

Shugabar makaranta tana tsaye a bakin ƙofa.

"Yau ranar farko ce, ga kuma ruwa," ta ce. "Na ɗauke kai. Gobe fa?"

"Gobe za mu riga ki zuwa, Malama."

Da rana motar ta tashi da ƙyar, na mayar da yara gidajensu. Na ce a raina, tunda yau ta yi tafiya, ai batirin ya samu. Na tafi wajen guga da yamma kamar kullum.

Washegari ko ƙas ɗin ma ban ji ba. Na murza makulli, shiru, kamar na murza shi a jikin dutse. Tela da yaransa suka tura har ƙarshen layi, suka juyo da ita. Ba ta kama ba. Wannan karon babu wanda ya yi wasa.

Waya ta fara ƙara. Wata uwa ta ce ɗanta ya gaji da tsayuwa. Wani uba ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Baiwar Allah, in ba za ki iya ba, ki faɗa mana." Can sai ga sabuwar bas ɗin nan ta wuce ta bakin layinmu, da yaran da ya kamata a ce suna bayana.

Kwandasta ta tafi makaranta a ƙafa. Ta makara, aka sa ta sharar fili. Da ta dawo idanunta sun yi ja.

"Me ya faru?" na tambaye ta.

"'Yan ajinmu ne. Wai Kwandasta ba mota."

Ta ajiye jakarta ta shige ɗaki. Abincinta ma ba ta taɓa ba.

Ran nan ban je aiki ba. Da rana ta kusa faɗuwa sai ga Baffa da wani mutum mai ƙaton ciki da makullai a hannu. Ban hana su ba. Alkawari na yi.

Mutumin ya zagaya Tsohuwa. Ya harbi taya da ƙafa. Ya leƙa ciki ya taɓe baki.

"Kujerun nan duk cire su zan yi," ya ce. "Siminti za ta riƙa ɗauka."

Kwandasta tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta riƙe labule. Auta kuwa ya zo ya kama rigar Baffa.

"Baffa, tafiya za a yi da ita?"

"E, Auta. Ta gaji."

"To zomon fa? A ina zai riƙa zuwa?"

"Wane zomo kuma?"

Auta ya nuna bangon ɗakin girki. "Zomon Abba. Wanda Yaya take kawowa."

Na san zomon nan.

Da mijina yana da rai, in ya dawo da almuru, ba ya kashe mota nan take. Sai ya haska bangon nan da fitilu, ya fito ya tsaya a gaban hasken. Ya haɗa hannayensa, sai ga inuwar zomo a bango, tana kaɗa kunne. Ya sake juya yatsu, sai ga tsuntsu. Auta ya yi ta tsalle yana son kamawa. Sannan ya kashe motar mu shiga ciki.

Na juya na dubi 'yata. Ta saki labulen. Ta tako a hankali har gabana.

"Umma, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce nake kunna fitilun. Kullum in kin tafi."

Ta ci gaba.

"In rana ta faɗi, Auta sai ya je bakin ƙofa ya zauna. Wai yana jiran Abba. Ya yi ta kuka, ba ya cin abinci. Na goya shi, na yi masa waƙa, duk a banza. Rannan sai na tuna ƙofar baya ba ta kulluwa. Na shiga na murɗa abin fitilar, sai ta kama, ko makulli ba ta nema ba. Na yi masa zomo. Ya yi dariya, Umma. Ya cinye abincinsa duka."

"Kina daɗewa?"

"Sai ya yi barci."

"Jiya ma? Bayan kin ga abin da ya faru da safe?"

Hawaye suka zubo mata. "Na ce ba zan ƙara ba. Sai ya fara kuka. Na ce ai yau motar ta yi tafiya, ta cika. Da ma na ɗauka in kin tashe ta da safe, duk abin da na sha yana dawowa."

Mai ƙaton cikin ya daina kaɗa makullansa.

Ni kuwa kunya ce ta kama ni. Ina can ina guge rigunan mutane, ban san ɗana yana zaman jiran ubansa a bakin ƙofa ba. Ban san nauyin da yarinyar nan take ɗauke da shi ita kaɗai ba.

Baffa ya juya mana baya. Ya daɗe yana kallon bangon. Da ya juyo sai na ga yana goge ido da gefen hannu.

"Ni na koya wa ƙanena zomon nan," ya ce. "Muna yara, da fitilar ƙwai. Kunnen hagu bai taɓa iya miƙe shi ba."

Ya dubi mai sayen. "Malam, ka yi haƙuri. Na wahalar da kai. Yau dai babu ciniki."

Mutumin ya gyaɗa kai. Ya shafa kan Auta, ya fita.

Baffa da kansa ya je ya taho da Mai Batir. Ya zo ɗauke da wani batir na aro a kafaɗa. Kafin ya ajiye, Kwandasta ta durƙusa.

"Kawu, ƙarya na yi maka rannan. Ni nake kunna fitilun gaba. Ka yafe mini."

Ya dube ta ta saman tabaronsa.

"Kin san na kwana biyu ina zargin kaina? Na ce ko tsufa ya fara taɓa mini aiki." Ya ajiye batirin. "Tashi. Na yafe. Amma zo nan, ba za ki tafi ba sai kin gane abin da kika yi."

Ya cire namu, ya ɗaura na aron. Ya ce in shiga in tayar. Bugu ɗaya ta tashi.

"Kada ki taka komai," ya ce mini. "Bar ta a silo." Wato injin yana aiki a hankali, motar tana tsaye. "Yanzu kunna fitilun."

Na kunna. Haske ya faɗa a bango, ja-ja, ba ƙarfi.

"Kwandasta, kalli bango. Maman yara, ɗan taka totur."

Na taka. Injin ya ɗaga murya. Hasken ya ƙara fari.

"Saki."

Na saki. Hasken ya koma yadda yake.

"Me kika gani?" ya tambaye ta.

"In injin ya yi ƙarfi, hasken yana ƙaruwa."

"Madalla. To saurara. Batir kamar bokitin ruwa ne. Ba ya haifar da wuta, ajiye ta kawai yake yi. A jikin injin nan akwai wani ɗan inji, shi ke yin wutar. Ga shi can, wanda bel yake juyawa. In mota tana gudu a titi, yana zuba wa bokitin da kofi. In tana silo, da cokali yake zubawa. In an kashe ta fa?"

"Ba ya zuba komai."

"Ko ɗigo. Su kuwa fitilun nan biyu, ba ruwansu. Sha kawai suke yi, kuma ba ƙaramin sha ba. In injin yana silo kika kunna su, kusan duk abin da cokalin ya kawo su ke shanyewa, bokitin ba ya samun komai. In injin a kashe yake, daga cikin bokitin suke sha kai tsaye. Ke kina kwasa da yamma har ƙanenki ya yi barci. Da safe a mayar da cokali biyu. Ina za a je?"

"Amma Abba yana yi," ta ce a hankali.

"Abbanki ya wuni yana gudu a titi, bokitinsa a cike. Injinsa a kunne. Kuma ba ya daɗewa. Kin ga abin da ya yi, amma ba ki ga dalilin da ya sa nasa bai ɓata komai ba. Da kin tambaya, da an gaya miki."

Sai ya juyo wajena.

"Ke ma, Maman yara, akwai naki. Tayar da mota kanta wani babban kurɓi ne daga bokitin. In kika tayar kika kashe kafin shayi ya tafasa, ba lallai ta mayar da abin da ta sha ba. Jiya kuma kin yi gajeriyar tafiya, ga fitilu, ga abin share gilashi. Ba laifi ba ne, dole a kunna fitila in ana ruwa, rai ya fi batir. Amma bayan irin wannan, ki ba ta hanya mai ɗan tsawo ta yi gudu."

"Ban sani ba," na ce.

"Yanzu kin sani."

Ya ɗaga batirinmu ya duba shi. Ya ce zai ba shi caji a hankali. Amma ya gaya mana gaskiya, batirin da aka shanye ƙaf sau da yawa ba ya komawa kamar da. Zai yi aiki, sai dai kwanansa ya ragu. Ya bar mana na aron kafin namu ya samu.

Da suka tafi, na zaunar da Kwandasta a bakin gado. Tana jira in ɗauko bulala. Ban ɗauko ba.

"Abin da kika yi wa ƙanenki, tausayi ne," na ce. "Allah ya yi miki albarka a kansa. Kunna fitilar kuma kuskure ne, don ba ki sani ba. Amma ranar da Kawu ya tambaye ki kika ce babu, ran nan kin sani. Wannan shi ne laifin."

"Na ji tsoro ne, Umma. Na ce za ki hana, Auta ya koma kuka."

"Da kin faɗa, da mun nemi wata dabara tare. Kin ga inda shirun ya kai mu? Saura kaɗan motar ubanki ta koma ɗaukar siminti."

Ta kifa kai a cinyata ta yi kuka sosai. Na bar ta ta yi. Ni ma na yi nawa.

Da ta ɗago sai ta ce, "Umma, gobe zan gaya wa Malama. Ta ɗauka ke ce ba ki iya ba."

Washegari muka je ofishin tare. Na tsaya a bayanta. Ita ta yi maganar tun daga farko har ƙarshe, ba ta ɓoye komai ba. Shugabar makaranta ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Wa ya sa ki zo ki faɗa?"

"Babu kowa, Malama."

"Kin san yara nawa suka tsaya a bakin ƙofa jiya saboda ke?"

"Na sani, Malama. Ki yi haƙuri."

Malama ta dube ni.

"Wasu iyayen sun riga sun koma wajen mai sabuwar bas. Ba zan iya dawo da su ba. Amma akwai waɗanda suka ce za su jira su ji daga bakina. Zan kira su. Ki ƙarasa makon. In ba ki sake makara ba, aikin naki ne."

Ta juya ga 'yata. "Ke kuma, Kwandasta, tunda kin koyi yadda batir yake aiki, za ki tsaya a gaban ajinku ki koya musu. Har masu yi miki dariya."

"To, Malama."

Ran nan na je gidan wanki na roƙi mai wurin ya mayar da ni aikin hantsi, kafin a tashi daga makaranta. Ya yarda. Daga ranar, rana ba ta sake faɗuwa ba ina waje.

Da yamma sai ga Baffa da tocila a aljihu. Ya ba Kwandasta ta riƙe, ta haska bango. Ya naɗe hannun riga. Ya yi zomo, ya yi tsuntsu, ya yi wani raƙumi da ko uban yaran bai iya ba.

Auta ya kalla ya kalla, sannan ya ce, "Baffa, naka zomon ya fi na Yaya ƙiba."

"Ai ya fi nata cin abinci. Kai ma je ka ci naka."

Ya je ya ci. Daga baya, da ya tambaye ni ko Abba zai dawo, na ɗora shi a cinya na gaya masa gaskiya. Ya yi kuka. Amma bai sake zaman bakin ƙofa ba.

Da safe na murza makulli. Tsohuwa ta tashi. Kwandasta ta buɗe wa yara ƙofa, ta rufe. Kujerun baya babu kowa a kansu, na waɗanda suka koma sabuwar bas. Na gan ta a madubi tana kallon kujerun.

Muka isa mai gadi yana cikin buɗe ƙofar makaranta. Haka muka yi har mako ya ƙare. Ranar ƙarshe shugabar makaranta ta tako har bakin tagar motar.

"Direba," ta ce mini, "sai mako mai zuwa."

Kai kawai na gyaɗa. Da na gaya wa Baffa, sai ya ce maganar sayarwa ta mutu, kada ma in sake tuna ta. A hankali wasu iyayen suka dawo da 'ya'yansu, har kujerun baya suka cika.

Yanzu in mun dawo gida na kashe mota, Kwandasta ba ta shiga ɗaki sai ta zagaya gaba ta duba fitilu, ta zagaya baya ta duba. In wani yaro ya kai hannu zai taɓa wani abu a gaban mota, sai ka ji muryarta daga ƙofa: "Ka san aikinsa? To tambayi Umma tukuna."

Yara, abin da nake so ku riƙe ke nan. Kyakkyawar niyya ba ta hana abu lalacewa. In ba ku san yadda abu yake aiki ba, ku tambayi manya kafin ku taɓa. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun gyaransa yana da sauƙi. 'Yata ta faɗi nata a makare, amma ta faɗa, shi ya sa har yau motar ubanta tana tsakar gidanmu.